In biya mai horo ya koya wa karenmu neman abu?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ɗan kwikwiyonmu wata bakwai, na gida ne. In na kifa roba a kan ƙwallonsa yana kallo, take yake ture ta. Amma in na sa ƙwallon a kwano, na zagaya bayan labule na juye ta can, sai ya yi ta shinshinar kwanon. Wani mai horo ya ce dubu 40 zai koya masa nemo makulli. In biya?

Baban Sadik: Hajiya, sayi karen Turawan nan, jaman shefad, kawai.

Malam Musa: Kanki tsaye ba laifinsa ba ne, yawancin karnuka a nan suke rikicewa, abin da aka sauya wa wuri ba a idonsu ba. A 2022 masu bincike a Budafes, babban birnin ƙasar Hungary, sun sa karnuka neman kayan wasa da fitila a kunne da kuma a kashe. Da haske ido suka fi bi, sai cikin duhu suka ƙara shinshina. Gwada shi da dare.

Sarkin Dawa: Turawa za su koya mana kare? Karena Duna yana bin sawun zomo tun asuba, ba wanda na biya ko sisi.

Ummi: Dubu 40 tsada ne, mu 15 muka ba da.

Baban Sadik: 15 ina? Ni 70 aka ce min.

Auwalu: Kar ki bar shi ya kwana wajen kowa. Na kai nawa, Zaki, aka ce sati uku. Na koma na tarar da shi duk kaska, haƙarƙari a waje, sunansa ma ba ya amsawa. Wata bai cika ba ya mutu. Mutumin ya toshe lambata. Yarana har yau tambayarsa suke.

Ummi: Allah sarki. Allah ya isar maka.

Ɗan Kurmi: In ya iya nemo makulli, a ara min ya nemo wanda ya ci bashina tun azumi.

Sarkin Dawa: Malam Musa, ka taɓa kiwon kare ma kuwa?

Malam Musa: Biyu gare ni, Baba.

Auwalu: Ni yanzu ɓarayin karnuka ne damuwata. Uku aka ɗauke a layinmu.

Ummi: Mu guba ake zuba musu. An kai ƙara wajen mai unguwa, shiru.

Maman Ilham: To jama'a, kuɗin fa, in biya ko in bari?