Ƙanena ya bugu a ka a filin ƙwallo, koci na so ya buga wasan ƙarshe ranar Lahadi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanena ɗan shekara 16 ne, yana tsaron baya a ƙungiyar unguwarmu. Ranar Asabar ya tashi zai sa wa ƙwallo kai, suka yi gware da wani yaro. Bai suma ba, har ya ƙarasa wasan. Amma da muka dawo gida sau uku yana tambayata nawa aka tashi, sannan ya yi amai. A asibiti an ɗauki hoton kai, aka ce babu jini, babu karaya. Yau kwana biyar. Ciwon kan ya lafa, sai in ya daɗe a kan waya ko ya shiga rana. Jiya koci ya zo har gida, wai masu neman 'yan wasa za su zo kallo. Yaron har hawaye yake. Mahaifinmu ya rasu, ni ne a kansa. In bar shi?

Tsohon ɗan ƙwallo: Wa alaikumus salam. Tunda hoto ya fita lafiya, ka bar shi mana. Mu a zamaninmu ruwa ake sheƙa maka a ka, ka koma fili.

Ma'aikaciyar lafiya: Baba, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Shi hoton, jini da karaya yake nema, ba ya nuna girgizar ƙwaƙwalwa, wato raunin da ƙwaƙwalwa ke samu in kai ya bugu. Kuma mafi yawan masu ita ba sa suma. Ɗan uwa, maimaita tambayar nan da ya yi ita ce babbar alama, ciwon kan da waya ke tayarwa kuma na nufin bai warke ba.

Ƙa'idar da masana suka tsayar a taron Amsterdam na 2022 mataki shida ce. A kwana ɗaya ko biyu na farko, hutu da ƙananan harkokin gida, sai tafiya da sauri, sai gudu shi kaɗai. Daga nan atisaye da 'yan uwansa ba tare da karo ba, sannan cikakken atisaye, sannan wasa. Kowane mataki aƙalla awa 24, kuma ba a shiga na huɗu sai alamomi sun ɗauke gaba ɗaya, likita ya duba ya amince. A Birtaniya, ƙa'idar da aka fitar a 2023 ga masu wasa a unguwa da makarantu ta ce babu gasa kafin kwana 21. Lahadi kwana takwas ke nan kacal. Abin tsoron shi ne ya sake buguwa kafin ya warke, don a yara irinsa ƙwaƙwalwa na iya kumbura farat ɗaya. Ba kasafai ake samu ba, amma yana kisa.

In ka ga amai na maimaituwa, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci mai nauyin tashi, ko jijjiga, ko hannu ya saki, ku koma asibiti nan take.

Malamin makaranta: Kada ma ka tambayi yaron ko ya warke, cewa zai yi ras yake. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a ka, ya ci gaba da wasa, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. A ganina, in bai iya zaman aji wuni guda ba ciwon kai, ba a ma zo maganar fili ba.

Tsohon ɗan ƙwallo: To, 'yata, na ji. Ni kaina na sha wata biyu ina fama da jiri bayan irin wannan, ban taɓa haɗa su ba sai yau.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na kira koci na ce ya nemi wani. Bai ji daɗi ba. Yaron ya ƙi cin tuwon dare, ya juya wa bango fuska. Na karɓe wayarsa, gobe da safe za mu koma wurin likita.