Jini a kashin 'yan tsaki, me zan ba su?

Maman Tsaki: Slm 'yan uwa. Don Allah a taimaka, 'yan tsakina sati 4 da ƙyanƙyasa, tun jiya nake ganin jini-jini a kashinsu, biyu sun takure a lungu sun saki fuka-fuki ido a rufe, ci ma sai a hankali. Me zan ba su?

Mai Zabi: Wslm Hajiya. Koksi ne wannan, koksidiyosis, ciwon hanji ne da wata ƙwayar cuta ke kawowa. Ki nemo amprolium ki zuba musu a ruwan sha kamar yadda aka rubuta a jikin ledar, kada ki haɗa da wani ruwan daban. Sannan ki duba ƙarƙashinsu, in ya jiƙe ki kwashe yau yau, a danshi yake haihuwa.

Anti Kaza: Kuma kar ki zuba bitamin a ruwan lokaci ɗaya, shi amprolium hana ƙwayar samun bitamin B1 yake yi, in kin zuba kin ciyar da ita kenan. Bari sai an gama.

Dan Auta: ni tafarnuwa kawai nake daka musu a ruwa, lafiya lau

Anti Kaza: Auta ba ka taɓa ganin koksi ba ne shi ya sa

Baba Mai Kaji: Hajiya kafin ki sayi komai ki tsaya ki kalli kajin da kyau, ni abin da ya same ni bara ba na fatan ya sami kowa. Zakara na gani ya burge ni, ja mai ƙaton zanko, na saya na kawo gida da yamma na sake shi cikin nawa kai tsaye, ban ware shi ba ko na kwana ɗaya. Kwana huɗu sai na ga wata kaza tana buɗe baki tana jan numfashi, kashi kore shar. Washegari uku. Na tafi shagon maganin dabbobi, yaron da ke wurin ko tambayata bai yi ba ya miƙo min oxytetracycline, na ba su, babu canji, na koma ya ba ni tylosin, na koma ya ce a haɗa biyun, ni kuma ina ta zubawa kamar mai ban ruwa a lambu. Sai da na fito da asuba na tarar da wadda ta fi kowa ƙwai ta murɗe wuya, kanta ya juye sama tana zagaye wuri ɗaya ta kasa caccakar tsaba a gabanta, nan jikina ya yi sanyi. Likitan dabbobi da ya zo kallo ɗaya ya yi ya ce Niyukasil ce, bairos ce, duk abin da na zuba asara ne don antibayotik ba ya taɓa ta. Cikin 27 guda 5 suka rage min, zakaran da ya kawo bala'in kuma yana cikin waɗanda suka rayu, kullum da asuba sai ya tashe ni da cara. Yanzu ko kyauta aka ba ni kaza sai ta yi sati 2 a kejinta ita kaɗai, abin ruwanta daban, kuma ita nake dubawa a ƙarshe.

Dan Auta: Baba ai da ka yanka shi ka huce 😂

Baba Mai Kaji: Auta ka kiyaye ni.

Mai Zabi: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma nata jini ne, ba kore ba, kar a tsorata ta.

Yaya Babba: Niyukasil tana da rigakafi, irin su LaSota, amma matsalar rigakafin ita ce kwalbar. LaSota ana zuba ta ne ta kaji ɗaruruwa ko 1000, kai kuma kajinka 15, kuma da zarar ka narkar da ita cikin awa 2 ta gama aiki, ba a ajiye ragowa. Mu abin da muke yi mu haɗu gida bakwai ko takwas mu sa rana ɗaya, mutum ɗaya ya ɗauko a cikin kula mai ƙanƙara, kowa ya zo da abin ɗibansa.

Anti Kaza: In mai shago ya ɗauko maka ita daga kan kanta ba daga firij ba, juya kawai. Digiri 2 zuwa 8 take so.

Yaya Babba: Sosai. Kuma ban da ruwan famfo mai kilorin, yana kashe ta. A ɗauke musu ruwa awa ɗaya ko biyu kafin nan don su sha da ƙishirwa. Akwai kuma I-2, wadda aka samar a Ostireliya saboda masu kiwon gida, ta fi jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk wata 4. Samunta ne ba ko'ina ba.

Ummu Biyu: Tunda ana magana, tawa kuma wasu ƙuraje ne baƙaƙe a zanko da gefen ido

Mai Zabi: Ƙurajen kaji ne, sauro ke yaɗa su. Ki riƙa shafa aidin, kar ki ɓanɓare, suna bushewa da kansu. In ya shiga cikin baki ne ake jin tsoro.

Dan Auta: ni bakin mai nake shafawa

Anti Kaza: Innalillahi. Bakin man mota a fuskar kaza?? Admin don Allah a yi wa yaron nan magana

Dan Auta: Anti ai kakata ma haka take yi kuma kajinta sun fi naki yawa

Anti Kaza: Kakarka ba ta cikin zauren nan, kai ke ciki

Admin: A yi haƙuri, a koma kan magana.

Malam Shiru: Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Duk maganin da kuka ba kaza ku karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a ci ƙwai ko nama, yana rubuce a jikin kwalin, wasu ma an rubuta ƙarara kada a ba mai yin ƙwai. A Amurka tun Yunin 2023 irin su oxytetracycline na allura ba ka saye sai da takardar likitan dabbobi, saboda yawan zubawa barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, har a jikin mutane. Kuma in kaji suna faɗuwa da yawa dare ɗaya, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, kar a taɓa da hannu kawai, kar a yanka, a kira ma'aikatan dabbobi, murar tsuntsaye ma haka take zuwa.

Baba Mai Kaji: Gaskiya Malam. Ni lokacin har ƙwan muka ci, Allah dai ya tsare.

Yaya Babba: Wa yake da maganin ƙuma? Na ɗaga akurki jiya da dare da tocila, tsagin katakon nan ja wur, da rana ba ka ganin ko ɗaya.

Mai Zabi: Ai da dare suke fitowa su sha jini su koma. Akurkin za ka yi wa magani ba kazar kaɗai ba, kuma ka maimaita bayan sati saboda ƙwansu.

Maman Tsaki: Na gode kowa da kowa. Na je ban samu amprolium ba, mai shagon ya ba ni wani wai toltrazuril, ya ce kwana 2 ne. Shi ne ko in mayar? Ɗaya ta mutu ɗazu.

Dan Auta: Yaya toka za ka barbaɗa

Anti Kaza: Auta!!