Injin ban-ruwana yana tashi amma ya ƙi jan ruwa

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin gyaran inji ku taimaka mini, kwana huɗu ke nan tumatirina bai sha ruwa ba.

Injin mai inci 3 ne, irin mai jan ruwa har da taɓo da shara, kan da ke juya shi Honda GX160 ne. Ja ɗaya yake tashi, ƙararsa lafiya lau. Sai in cika tukunyar, wato gidan fankar da ke jan ruwa, da ruwa, in ɗaure murfi, in tayar. Ya ɗan feso kamar bokiti guda, daga nan sai kumfa, sai shiru. In na taɓa tukunyar sai in ji ta ɗau zafi, dole in kashe.

Na canja baƙin mai da fulogi, ko da yake na san ba nan matsalar take ba. Na wanke ragar bakin tiyo, na ƙara ɗaure kilif, na nutsa tiyon cikin kududdufi ban ga iska na fita ba. Daga inji zuwa ruwa bai kai mita 3 ba.

Da na kwance tukunyar, na tarar yashi ya cinye bakin fankar ciki, robar da ke tare ruwa a mashiga ita ma ta ɗan lanƙwashe. Abin da ya fi damuna shi ne ɗigon da nake gani tsakanin tukunya da inji. Wata rana yarona ya bar shi yana aiki ba ruwa, ina zargin a nan sil ɗin, wato abin da ke hana yoyo tsakanin tukunya da inji, ya ƙone.

Shin sil kaɗai zai iya hana shi ja, ko sai na haɗa da fanka? Kuma ta wane ɓangare ake kwance fankar? Ina tsoron in ɓata zaren ƙarfen da aka ɗaura ta a kai.

Na gode, Allah Ya saka da alheri.