So ne tsakanin Jane da Rochester, ko ikon mai gida?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na gama karanta littafin Jane Eyre, kuma ni dai ban yarda soyayya ce tsakanin Jane da Rochester ba. Jane, marainiya 'yar shekara 18, tana koyarwa a gidan Rochester, mutumin da ya ba ta kusan shekara 20, shi ke biyan ta fam 30 a shekara. Wadda cinta da makwancinta ke hannunka, in ta ce maka "to", ta ina za ka san daga zuciya ta faɗa?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kin tsallake rabin labarin. Ranar ɗaurin aure da asiri ya tonu cewa yana da mata a kulle a saman bene, ya roƙe ta ta zauna da shi haka nan ba aure, ta ƙi. Da asuba ta fice, ta kwana a fili, har bara ta yi. Wadda aka mallake ba ta iya wannan.

Maman Biyu: Malam, ƙarfin halinta nata ne, ba zai wanke shi ba. Ni halinsa nake dubawa.

Auta: Anti, ni shekarun ba su dame ni ba. Babanmu ya girmi Umma da shekara 15, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Wurin da raina ya ɓaci shi ne da za ta je duba matar kawunta da ke kwance. Tana bin sa fam 15 na albashi, ya ba ta 10 ya riƙe sauran don ta dawo. Haƙƙinta fa! Ga shigar mai duba da ya yi don ya ji sirrin zuciyarta, ga nuna zai auri wata budurwa mai suna Blanche Ingram don kawai Jane ta yi kishi.

Malamin Adabi: Wannan na yarda, ƙanwata, ba hali ba ne mai kyau. Amma marubuciyar ma ta gani. Ba ta haɗa su ba sai da Jane ta gaji fam 20,000 daga ɗan'uwan mahaifinta, shi kuma gobara ta cinye gidansa, ya makance, ya rasa hannu ɗaya. Da ƙafarta ta koma, da kuɗinta.

Maman Biyu: Ai nan ne hujjata. In sai namiji ya nakasa kafin su zama daidai, tun farko ba daidai suke ba. Kuma littafin ya fito a 1847, lokacin da a Ingila dukiyar mace ke komawa hannun miji da zarar an ɗaura aure, sai a 1870 aka fara gyara dokar. Fam 5,000 da ta rage wa kanta bayan ta raba da 'yan'uwanta, wa ya zama mai iko da su?

Auta: Abin da ke ba ni tsoro, Malam, littattafanmu na waya cike suke da irin wannan: Alhaji mai kamfani da 'yar aikin gidansa, ya tsawata mata, ya hana ta fita, a ce kishi ne na so. Ƙawayena 'yan aji shida suna karantawa suna cewa irin mijin da suke so ke nan.

Malamin Adabi: To su karanta har inda Jane ta ƙi kayan ado da silikin da ya so ya lulluɓe ta da su, ta ce za ta ci gaba da aikinta a biya ta albashinta.

Maman Biyu: Albashin da shi ɗin ne dai zai biya, Malam.