Ina Jidda, ina so in zuba kuɗi a harkar sola a gida

Direban Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ke nan ina tuƙi a Jidda, na ɗan tara abin da ya samu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ƙanena ke kukan fetur ɗin injin ban ruwa na cinye ribar tumatir a Kadawa. Ina tunanin sayen famfon sola uku mu riƙa ba manoma haya, amma ni ba na gida. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Daga Ingila na sa wa yayata sola da firiza biyu a Zariya, tana sayar da ƙanƙara. Batir ne ya ci mu. Mai haɗawar ya karɓi kuɗin sabo ya kawo tsoho da aka goge, wata takwas ya mutu, sai hoto aka turo min. Kai ka yi sa'a, famfon rana ba ya buƙatar batir, rana na fitowa ruwa na zuba.

Mai Gyaran Wuta:
Alhaji, fara da ɗaya tukuna. Ka sa a auna zurfin ruwan kafin a sayi famfo. Kuma lokacin hunturu ƙura na rufe farantan sola, ruwa ya ragu, sai an sa yaro yana gogewa da safe. Da dare a kwashe su, akwai ɓarayi.

Uwar Biyu:
Kuma ku rubuta rabon riba a takarda, da shaidu, ko da uwarku ɗaya.

Direban Jidda:
Na gode. Maganar takardar nan ce ban san ta inda zan ɓullo masa ba wallahi.