Faladin ɗina baya samun sara, jini kuma ba ya daɗewa: ina na ɓata lambobin?

Ɗan Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan group. Mu huɗu ne muke buga Dungeons & Dragons, wasan teburi na jarumai da jifar dayis, duk Asabar a nan Jos, da dokokin 2024, yanzu muna mataki na 3. Da jerin lambobin nan shida muka gina jarumanmu: 15, 14, 13, 12, 10, 8. Ni faladin nake riƙe da shi, wato mayaƙi mai rantsuwa da ɗan sihiri, asalinsa soja. Na sa Kwarjini 15, Zafin nama 14, Ƙarfi 13, Ƙwaƙwalwa 12, Juriya 10, Basira 8. Ƙarin da asalin soja ya ba ni na zuba 2 a Zafin nama, 1 a Juriya. Yana sanye da sulke da garkuwa da dogon takobi. Sara uku sai ɗaya ya shiga, kuma shi ne farkon faɗuwa. Ƙanwata kuma wizad, wato mai sihiri, take bugawa da Juriya 8, da an taɓa ta sihirin da ta riƙe ya watse. Mai jagorantar wasanmu ya yarda mu sake rabon lambobi kafin mataki na 4. Don Allah a ba mu shawara.

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam ƙanina. Fara da lissafin ƙari, domin shi ake haɗawa da dayis, ba lambar kanta ba. Cire 10 daga lambar, raba biyu, in rabi ya rage ka sauka zuwa lambar da ke ƙasa. Saboda haka 10 da 11 duk sifili ne, 12 da 13 duk +1, 16 da 17 duk +3, 8 kuma -1. Wancan maki ɗaya da ka kai Juriya daga 10 zuwa 11 bai ba ka komai ba.

Dogon takobi da Ƙarfi yake aiki. Ƙarfi 13 ya ba ka +1, ƙwarewa +2, jimla +3. Abokin gaba mai kariya 15 sai ka jefa 12 ko sama a dayis mai fuska 20, wato kashi 45 cikin 100. Zafin namanka 16 kuwa zaune yake, domin sulke mai nauyi ba ya lissafa shi ko kaɗan: 16 na sulke da 2 na garkuwa, 18 ke nan, ko Zafin namanka 8 ne ko 20.

Sake shi haka: Ƙarfi 15, Kwarjini 14, Juriya 13, Basira 12, Zafin nama 10, Ƙwaƙwalwa 8. Ƙarin soja ka sa 2 a Ƙarfi ya zama 17, 1 a Juriya ta zama 14. Sara ya koma +5, jifar 10 ta isa, raunin kowane sara ya ƙaru da 2. Jini, wato adadin raunin da jarumi zai iya ɗauka kafin ya faɗi, a mataki na 3, in kuna ɗaukar tsayayyen adadi, 10 da 6 da 6 ne, 22. Da +2 na Juriya sau uku ya zama 28.

Na Bukuru:
Yaya, me zai hana ya raba ƙarin ɗaya-ɗaya-ɗaya? Dokar 2024 ta yarda. Ƙarfi 16, Juriya 14, babu lamba mara a inda ake buƙata.

Baban Ikram:
Yau 16 da 17 ɗaya ne, amma mataki na 4, inda ake samun ƙarin maki biyu, na bakin ƙofa. Mai 17 maki ɗaya yake buƙata ya kai 18, ya ajiye ɗayan a wani wuri, ko a madadin makin ya ɗauki baiwa, wato iyawa ta musamman, mai ƙara 1 a Ƙarfi ya samu biyun gaba ɗaya. Mai 16 sai ya kashe duka maki biyun. Lamba mara tana da amfani idan ka san ranar da za ka cike ta.

Maman Sadiq:
Ɗana, akwai wata hanyar in kana son jarumin nan a yadda ka zana shi, mai saurin jiki. Ajiye dogon takobi ka ɗauki rafiya, siririn takobin nan da doka ta yarda a sara da Zafin nama. Dayis ɗin rauninsa mai fuska 8 ne, daidai da dogon takobi a hannu ɗaya. Da 16 ɗinka sara ya zama +5 nan take, kuma za ka riƙa riga abokan gaba motsi, domin jifar fara faɗa Zafin nama take bi.

Abin da zai buƙaci gyara shi ne Juriya: mayar da 13 can ta zama 14. Amma da Ƙarfi ya sauka ƙasa da 13, sulken zai rage maka tafiya da ƙafa 10. Sai ka koma sulken ɓawo, mai matsakaicin nauyi, 14 da iyakar +2 na Zafin nama, 16 dai. Farashin wannan hanya shi ne cikakken sulken ƙarfe mai 18 yana neman Ƙarfi 15, kuma faladin ba ya haɗa wani aji sai da 13 a Ƙarfi da 13 a Kwarjini.

Ko wacce ka bi, kada Kwarjini ya yi ƙasa da 14. A mataki na 6 faladin yana ɗora ƙarin Kwarjininsa a kan kowace jifar tsira, wato jifar da ake yi don kauce wa sihiri ko wani haɗari, tasa da ta duk abokin da ke cikin ƙafa 10 da shi. A ganina wannan ya fi duk wani sara da zai yi daraja a teburi.

Malamin Naraguta:
Batun ƙanwarka. Duk lokacin da aka ji mata rauni tana riƙe da sihiri, jifar tsira ta Juriya take yi, a kan 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Da -1 sai ta jefa 11, rabi da rabi ke nan. Da +2 jifar 8 ta isa, kashi 65 cikin 100. Jininta ma 6 da 4 da 4 ne: da Juriya 8 ya tsaya a 11, da 14 ya kai 20.

In asalinta masaniya ce, ta sa Ƙwaƙwalwa 15 da ƙarin 2, Zafin nama 14, Juriya 13 da ƙarin 1, Basira 12. Lambar da abokan gaba za su tsallake don kauce wa sihirinta ita ce 8 da ƙwarewa 2 da 3 na Ƙwaƙwalwa, wato 13. Sihirin sulke yana ba ta kariya 13 da +2 na Zafin nama, 15. 8 ɗin ta kai shi Ƙarfi, wizad ba ya ɗaukar kaya.

Sauran biyun ba ka faɗi ajinsu ba. Ɓarawo Zafin nama ne gaba. Kilarik (limami mai sihiri) da durud (mai sihirin daji) Basira. Maroƙi da sosara da wolok, su ma masu sihiri ne, Kwarjini. Monk, mai faɗa da hannu, shi ne mai wuyar rabo kamar faladin, domin kariyarsa 10 ce da Zafin nama da Basira, babu sulke.

Ɗan Anguwan Rogo:
Allah ya saka da alheri. Anti, hanyarki zan bi da rafiya. Sauran biyun ɓarawo ne da kilarik. Malam, kilarik ɗin namu Basira 13 gare shi, shi ma ya gyara?

Malamin Naraguta:
Ya gyara. Ya kai 15 ɗinsa Basira, ya ɗora ƙarin asalinsa a kai in asalin ya yarda, Juriya 14. Da sulke mai matsakaicin nauyi Zafin nama 14 ya wadatar, abin da ya wuce haka sulken ba ya lissafawa.