Hilux sabuwa fil, in taka ko in lallaɓa?

Awudu: Salamu alaikum jama'a. Alhajinmu ya sayi Hilux sabuwa fil, ko robar kujera ba a cire ba, ni zan ɗauko ta daga Tema zuwa Kumasi ran Asabar. Wai har yanzu sai an lallaɓa sabon inji, ko zancen mutanen da ne?

Hajiya Ramatu: Masha Allah, Allah ya tsare hanya

Masta Issaka: Awudu duba littafin motar. Toyota da kansu suka rubuta, kilomita 1,000 na farko ba gudun wuce sa'a, ba danna totur farat ɗaya, kuma kar ka daɗe a gudu iri ɗaya. Ringin fistin ne ke neman zama daidai da jikin silinda, shi ya sa.

Nuhu: Injin zamani an gama gwada shi tun kamfani Masta, taka abinka Awudu

Baba Sule: Nuhu kai yaro ne. Sprinter ɗina na kai Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, aka sauke inji, sabon ringi sabon metal, makanike ya ja kunnen direba cewa ya bi ta a hankali kar ya yi lodi mai nauyi tukuna, washegari bawan Allah ya tafi Techiman ya cika ta da doya har saman rufi ya dawo yana tsere da manyan bas, ba a daɗe ba hayaƙi shuɗi ya fara fita ta salansa, kullum da safe in na zaro sandar awon mai sai in ga ya sauka, galan na ajiye ƙarƙashin kujera saboda ita. Ƙarshe sake buɗe injin aka yi, kuɗina kuma, shi ko ya aje makulli ya tafi.

Nuhu: Baba ai wannan gyararren inji ne, mu sabo muke magana

Masta Issaka: Gyararre ya fi buƙata, gaskiya ne. Amma sabon ma ba ni na rubuta littafin ba.

Fuseini: Ku bar wahalar da kanku, go-silo na Ofankor zuwa Nsawam shi zai lallaɓa masa ita 😂

Baba Sule: Nuhu da ko keke bai taɓa saya a leda ba

Nuhu: Vitz ɗina fa Baba?

Fuseini: Wadda muka tura a Aboabo ranar Sallah?

Hajiya Ramatu: Ku ƙyale ɗana. Masta, AC ɗina ya daina sanyi, wa zan kai wa wajen Asawase?

Masta Issaka: Hajiya kawo ta gobe bayan azahar

Awudu: To man inji fa, in canza da na iso ko in jira sabis?

Fuseini: Awudu in akwai wuri a baya ka tsaya Nsawam ka sayo mana burodi